Yadda ake gano ƙwari da tsutsotsi a jikin kifin bincike kafin su ɓata maka aiki

Wata safiya wani ɗalibi ya tare ni a ƙofar ɗakin gwaji a nan Katsina, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Malam, na tankin shaida ma sun fara mutuwa." Aikinsa na kammala digiri a kan maganin kashe ciyawa ne, yana son ya ga irin illar da yake yi wa 'ya'yan tarwaɗa. Ya sayo su wurin wani mai ƙyanƙyasar kifi, ya juye a robobi, kwana uku kawai ya fara zuba magani. Tankin shaida shi ne wanda ba a sa wa komai, da shi ake auna sauran. To in shi ma yana fitar da gawa, me za ka ce ya kashe na sauran tankunan?

Na sa koma na kamo guda mai rai, na kankaro yauƙin bayansa, na ɗora a madubin likita. Ga wasu abubuwa nan kamar faya-fayai sun cika fili suna ta juyi. Trichodina ce, wani ƙaramin ƙwaro da ke hawa fatar kifi. Aikin bai ci mini minti biyar ba, shi kuwa ya ci masa kuɗin kifi da na abinci da makonni.

Har gara shi, tunda kifinsa ya mutu ya tona asiri. Wanda ya fi ban tausayi shi ne wanda nasa bai mutu ba, ya gama gwaji, ya yanka huhun kifin ya ga ya kumbura, ya rubuta cewa magani ne ya yi ɓarnar, alhali ƙwaro ne ya ci wurin tun kafin a fara. Ƙa'idar gwajin guba a kan kifi ta ƙungiyar haɗin kan ƙasashe ta OECD, mai lamba 203, wadda ake yi cikin awa 96, ta ce in mutuwa a tankin shaida ta wuce kashi 10 cikin 100, gwajin ya lalace. Amma wannan ƙa'ida gawa take ƙirgawa. Ƙarancin jini, ramewa da ƙin cin abinci ba sa shiga lissafinta, kuma su ne ainihin abin da masu binciken jini da masu gwajin abincin kifi suke aunawa.

Wata 'yar magana kafin mu shiga: inda na ce huhun kifi, ina nufin jajayen bazar nan da ke ƙarƙashin murfin kunnensa, waɗanda yake numfashi da su.

Fara da tambayar daga ina kifin ya fito

Yawancin binciken da ɗalibai ke yi a jihar nan a kan tarwaɗa ne, wato Clarias gariepinus, da karfasa, Oreochromis niloticus. Hanya biyu suke zuwa: ko daga masu ƙyanƙyasa, ko daga hannun masunta a madatsun ruwa irin su Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, Ajiwa, Jibiya, ko Sabke da Daberam a ɓangaren Daura. Kowanne da irin kayan da yake ɗaukowa.

Kifin dam ya fi zuwa da tsutsotsin ciki, saboda a can akwai dodon koɗi da ƙananan halittun ruwa da tsuntsaye irin su zalɓe, waɗanda tsutsar ke bi ta jikinsu kafin ta cika rayuwarta. Irin wannan tsutsa ba ta iya yaɗuwa a robar ɗakin gwaji, tunda babu dodon koɗi babu zalɓe. Wadda kifi ya zo da ita, ita ce dai. Kifin ƙyanƙyasa kuwa ya fi zuwa da ƙwarin fata da na huhu, masu tsallakawa daga kifi zuwa kifi kai tsaye. Waɗannan su ne abin tsoro, domin cunkoson roba gidan biki ne a wurinsu.

Saboda haka duk kifin da ya shigo, a ware shi shi kaɗai mako uku zuwa huɗu, da komarsa da bokitinsa da tiyonsa. Ɗalibai ba sa son jin wannan, ga lokaci yana ƙurewa, ga mai duba aiki yana matsa lamba. Amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Kifin da ya iso yau yana walwala, wahalar mota da sauyin ruwa kan fito da abin da ke ɓoye a jikinsa bayan kwanaki.

Abin da za ka tanada

Madubin likita mai idanu na 4 da na 10 da na 40, waɗanda ke ƙara girma sau 40, sau 100 da sau 400. Gilasan shimfiɗa samfuri da siraran murafunsu. Ƙaramin almakashi mai tsini, hantsaki, aska, farantan gilashi, sirinji mai siririyar allura, safar hannu, da tsumma mai laushi. Ruwan gishiri na giram 9 a lita guda ta tataccen ruwa. Fomalin na kashi 10, da etanol iri biyu, na kashi 70 da na kashi 95. Ma'aunin zafin ruwa da kayan gwada ammoniya, naitirait da pH. Sai littafi da fensir, ba biro ba, don etanol yana wanke tawada.

Na kwantar da kifi kuma, in akwai MS-222 shi ne aka fi sani, ana sa miligiram 50 zuwa 150 a lita, a haɗa da sodar girki (baking soda) ninki biyu na nauyinsa saboda MS-222 yana sa ruwa tsami. In babu, man kanumfari yana yi. Ba ya narkewa a ruwa, sai ka fara gauraya kashi 1 na man da kashi 9 na etanol. Rabin mililita na wannan haɗin a lita guda ya ba ka kusan miligiram 50, wanda ya isa farawa.

Kuma ka tabbatar da wuta kafin ka taɓa kifi. Samfurin da aka kankaro ba ya jiran a tayar da janareta.

Mataki na farko: tsaya ka yi kallo, sannan ka auna ruwa

Kafin ka sa koma, tsaya nesa kaɗan na minti biyar zuwa goma, kada inuwarka ta faɗa kan ruwan. Abin da kake nema: kifin da ke goga jikinsa a bangon tanki kamar mai ƙaiƙayi, wanda ya manne fukafukansa a jiki, wanda ya ware kansa a lungu, wanda murfin kunnensa ke bugawa da sauri, da wanda jikinsa ya yi hazo-hazo kamar an shafa masa koko. Tarwaɗa ta saba leƙowa sama ta haɗiyi iska ta koma, wannan halinta ne, tana da abin shaƙar iska na daban. Amma in ka ga 'ya'yanta sun tsaya a tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, ba sa motsi, akwai magana.

Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kullum ƙwaro ne dalili ba. Duk waɗannan alamu, mugun ruwa ma yana kawo su. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Katsina kan kai digiri 40, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iska sosai. In aka ɗauke wuta da dare famfon iska ya tsaya, da safe za ka tarar da karfasa tana haki a sama ba tare da ƙwaro ko ɗaya ba. A hunturu kuma, Disamba da Janairu, robar da ta kwana kusa da taga takan yi sanyin da kifi zai daina ci, ƙarfin jikinsa ya faɗi, ƙwari su samu ƙofa. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, ruwan burtsatse yana fitowa da ƙarancin iska. Don haka auna zafi, pH, ammoniya da naitirait, ka rubuta, tun kafin ka sauya ruwan. Da yawa sukan firgita su zubar da ruwan su zuba sabo, sannan su zo neman a gaya musu abin da ya faru, bayan sun zubar da rabin shaidar a kwata.

Mataki na biyu: wanne za ka kama, kuma guda nawa

Mai rai, mai alamar ciwo. Gawar da ta kwana tana yawo a ruwa ba ta da abin da za ta gaya maka: ƙwarin fata suna barin kifi ko su mutu jim kaɗan bayan mutuwarsa, huhu yana ruɓewa da wuri, wasu halittun da ba su da laifi kuma su hau gawar, ka gan su ka ɗora musu laifi. Wanda aka sa a firiza ma haka, ƙanƙara tana farfasa ƙananan ƙwari. In ɗalibi ya kawo mini kifi a leda daga firij, hanji kaɗai nake iya duba masa.

In ciwo ya riga ya bayyana, guda uku zuwa biyar masu alama sun isa, ka haɗa da ɗaya ko biyu masu kama da lafiya don kwatance. In kuwa tantance sabon zubi kake yi, wanda ba ya nuna komai, lissafin daban ne. A cikin kifi mai yawa, duba guda 30 zai ba ka tabbacin kashi 95 cikin 100 na cin karo da cutar da ta kama kashi 10 na kifin. Guda 60 na wadda ta kama kashi 5, guda 150 na kashi 2. Ma'ana, wanda ya duba uku bai ga komai ba, ba shi da bakin cewa kifinsa lafiya lau. Tun wajen saye a ƙaro na dubawa a kan adadin gwaji.

Mataki na uku: kankarar fata da yankan huhu

Nan ne zuciyar aikin. Shirya gilasai uku tukuna, kowanne da ɗigon ruwan tankin da kifin ya fito. Ruwan tankin, ba na famfo ba, ba na gishiri ba, domin waɗannan suna kashe ƙwaron ko su tsayar da motsinsa, kai kuwa da motsi za ka gane shi.

1. Kamo kifin ka kwantar a kan jiƙaƙƙen tsumma, ka rufe masa ido da gefen tsumman, zai natsu. Kada ka goge jikinsa, abin da kake nema a cikin yauƙin yake. Da tarwaɗa a kula da ƙayar da ke fiffiken ƙirji, sukanta ba daɗi.

2. In kifin zai riƙu ba tare da magani ba, fara kankarar fata kafin ka kwantar da shi, saboda maganin kwantarwa yana kakkaɓe wasu ƙwarin su zube a ruwa. Riƙe murfin gilashi a karkace, ka ja shi a hankali daga ɓangaren kai zuwa wutsiya. Wuraren da suka fi ba da amsa su ne bayan fiffiken ƙirji, gindin fiffiken baya, da gefen gyambo in akwai, ba tsakiyarsa ba. Yauƙi kaɗan ya isa. In ka ga jini, ka danna da yawa.

3. Kifa murfin a kan ɗigon ruwan, yauƙin yana ƙasa. Kada ka matse.

4. Yanki ɗan gefen wutsiya, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, ka shimfiɗa a gilashi na biyu.

5. Yanzu kwantar da kifin da magani har ya daina tsayuwa daidai amma murfin kunne na motsi. Ɗaga murfin, ka yanko bakin bazar huhu, 'yan silla kaɗan, tsawon milimita biyu ko uku. Kada ka kusanci ƙashin da suke tsirowa a kai, can jijiyar jini take. Ware sillan da allura a gilashi na uku don kada su hau kan juna. Mai da kifin ruwa mai tsabta da iska, zai farfaɗo. In ɗan ƙarami ne ƙwarai, wannan yanka ba ya yiwuwa da rai, sai dai a kashe shi a ciro huhun gaba ɗaya.

Duba nan take, cikin minti biyu ko uku. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne haske. Ɗalibi zai buɗe fitila har ƙarshe, ya ce bai ga komai ba. Ƙwarin nan garai-garai suke kamar ruwa, haske mai yawa yana haɗiye su. Rage hasken, ka tsuke ƙofarsa da ke ƙarƙashin teburin madubin, har fili ya yi duhu-duhu. Fara da ido na 4 ka bi gilashin layi-layi kamar mai huɗa, sannan na 10. Na 40 sai in ka ga abin da kake son tantancewa. In ka ga motsi, ɗora kyamarar wayarka a bakin madubin ka ɗauki bidiyo na daƙiƙa goma. Ya fi hoto amfani nesa ba kusa ba in za ka tura wa wani masani.

Su wa za ka tarar

Trichodina ita ce baƙuwar kullum. Daga sama kamar faifai mai zoben haƙora a tsakiya, daga gefe kamar 'yar hula, tana juyi tana sulɓewa. Ɗaya ko biyu a fili ba abin tayar da hankali ba ne. In sun yi yawa, sun gaya maka abu biyu: kifi yana wahala, kuma ruwan ya yi datti ko cunkoso ya yi yawa.

Ichthyophthirius multifiliis, mai kawo farin ɗigo, ita ba a yi mata wannan uzurin. Guda ɗaya tak ya isa a dakatar da komai. Babba ce, takan kai milimita guda, shi ya sa ido ke ganinta kamar an barbaɗa wa kifi gishiri. A madubi dunƙule ce mai duhu tana mirginawa a hankali, a cikinta akwai wani abu mai haske a lanƙwashe kamar jinjirin wata. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tanki, ta rufe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya su fito neman kifi. A ruwa mai ɗumi wannan zagaye ba ya cika mako, a sanyi yakan ja makonni. Wani lokaci a huhu kaɗai take, fata tas, shi ya sa ba a tsallake yankan huhu.

Chilodonella siffar ganye gare ta, shimfiɗaɗɗiya, tana tafiya a hankali tana kewaya. Ta fi son sanyi. Ichthyobodo kuwa ita ke wahalar da sabon hannu, don girmanta bai wuce na ƙwayar jini ba, sai a sau 400. Motsinta kamar harshen fitilar da iska ke kaɗawa, tana tuntsurawa tana ƙyaftawa. Tana yi wa ƙananan 'ya'yan kifi kisan kiyashi.

Sai tsutsotsin fata da huhu, masu miƙewa suna tanƙwashewa kamar matsattsaku, da ƙugiyoyi a gindi. Dangi biyu ne, kuma raba su yana da amfani. Dangin Gyrodactylus sun fi zama a fata da fukafukai, ba su da ɗigon ido, kuma haihuwa suke yi: in ka lura za ka hango ɗa a cikin uwar, har da ƙugiyoyinsa. Dangin Dactylogyrus a huhu suke, galibi da baƙaƙen ɗigo huɗu a kai, su kuwa ƙwai suke yi. A karfasa wanda ake yawan samu Cichlidogyrus ne, a tarwaɗa Quadriacanthus, dukansu masu ƙwai, da wani babba mai haihuwa, Macrogyrodactylus. Amfanin rabawar shi ne, magani ba ya kashe ƙwai. Mai haihuwa yana iya tafiya da wankan magani ɗaya ko biyu, mai ƙwai sai an maimaita bayan ƙwan ya fashe.

Akwai waɗanda ba sa buƙatar madubi. Argulus, kwarkwatar kifi, shimfiɗaɗɗiya mai idanu biyu, tana gudu a kan fata. Lernaea kamar guntun zare a soke a jiki, gindinsa ya yi ja. Ergasilus a manne a huhu da jakunkunan ƙwai biyu farare. In kuma ka ga fararen ƙuraje a huhu ko a abin shaƙar iskar tarwaɗa, mai kama da reshen bishiya a saman huhun, fasa ɗaya a gilashi: in dubban ƙananan ƙwayoyi masu wutsiya suka watsu, Henneguya ce.

Kumfar iska mai baƙin zobe, ƙwayar sitacin abinci da zaren tsumma duk sun sha yaudarar mutane. Abin da ke tafiya gaba ɗaya ɓangare guda, ruwa ne ke jansa.

Mataki na huɗu: jini da fiɗa

In za a ɗebi jini, a ɗeba kafin a kashe kifin. Soka allura ta ƙasan gindin wutsiya har ta taɓa ƙashin baya, ka ja da baya kaɗan, jini zai shigo. Ɗigo guda a ƙarƙashin murfi, a sau 400: in akwai Trypanosoma, wadda matsattsaku ke sa wa kifi, za ka ga ƙwayoyin jini suna girgiza, wani siririn abu yana wutsil-wutsil a tsakaninsu. Wani ɗigon kuma a shimfiɗa shi siriri, ya bushe, a kafe da metanol, a rina da Giemsa. Kada ka ruɗe in ka ga jajayen ƙwayoyin jinin kifi da ɗigo a tsakiya, haka Allah ya yi su, ba irin na mutum ba ne.

Kashewa a yi ta da tausayi: maganin kwantarwa mai yawa, a bar kifin a ciki har bayan murfin kunne ya daina motsi da jimawa, sannan a datse lakar bayan kai. Tarwaɗa taurin rai gare ta, kada a tsallake datsewar.

Auna tsawo da nauyi. Fara yanka daga ɗan gaban dubura zuwa ƙirji, bakin almakashi yana kallon sama don kada ya huda hanji, ka ɗage ɓangare guda kamar murfi. Kafin ka taɓa komai, duba. Tsutsar Contracaecum takan kwanta a naɗe a kan hanji da kitse, musamman a tarwaɗar dam. A karfasa duba bayan huhu da ƙarƙashin fata, inda Clinostomum ke zama cikin rawayen ƙunshi kamar ƙwayar dawa; in ka fasa za ta fito tana motsi.

Daga nan kowace gaɓa da farantinta da ruwan gishiri. Tsaga tumbi da hanji a tsaye, ka kankare cikinsu, ka ɗora farantin a kan abu baƙi, fararen tsutsotsi za su fito fili. A tumbin tarwaɗa akan samu Procamallanus, ƙaramar tsutsa mai kauri a baki. A hanjinta da matsarmama akan samu tsila, wadda tsofaffin littattafai ke kira Polyonchobothrium clarias, sababbi kuma Tetracampos ciliotheca. Abu ɗaya ne, kada ka ƙirga shi biyu. A hanjin karfasa akwai Acanthogyrus tilapiae mai ƙayoyi a kai. Kada ka fizge tsutsar da ta kafa kai a bangon hanji. Kan shi ne abin da ake gane ta da shi, in ya tsinke ka rasa sunanta. Yanko ta da naman da take riƙe da shi.

Hanta, saifa da ƙoda: ɗan guntu kamar kan ashana, a matse tsakanin gilasai biyu a duba. Ido ma a ciro ƙwayar a fasa, Diplostomum a can take zama, tana sa wa kifi yana.

Mataki na biyar: adanawa

Abin da za a kai yankan nama a duba a madubi, fomalin na kashi 10, guntu bai wuce kaurin rabin santimita ba, ruwan ya ninka naman sau 10. Abin da za a yi wa gwajin DNA, etanol na kashi 95, kuma kada ya taɓa fomalin ko sau ɗaya. Tsutsotsi masu jiki kamar zare, a zuba musu ruwan gishiri mai zafi su miƙe, sannan etanol na kashi 70. Masu ƙayoyi a kai a bar su su kwana a tataccen ruwa cikin firij, kan zai fito waje. Takardar suna a rubuta da fensir a jefa cikin kwalbar, ba a manna a murfi ba. Murfi yana musanyuwa.

Mai son sanin ainihin nau'in Trichodina, ya bar shafin yauƙin ya bushe a iska, ya zuba masa silba naitiret na kashi 2 na kimanin minti 8, ya ɗauraye da tataccen ruwa, ya shanya a rana minti 20 zuwa 30. Zoben haƙoran zai fito raɗau. A wasu ƙasashe sai sun kunna fitila ta musamman don wannan; mu nan ranar Katsina kyauta take yi mana.

Mataki na shida: lissafi da yanke shawara

"An samu tsutsa" ba sakamako ba ne. A ce ka duba kifi 30, ka samu tsutsa a 12, jimillar tsutsotsin 96. Yawan kamuwa kashi 40 cikin 100 ke nan. Nauyin kamuwa, wato 96 a raba wa 12 da suka kamu, 8. In ka raba wa duka 30 kuma, 3.2. Lambobi uku ne daban-daban, kuma na sha ganin an rubuta ɗaya da sunan ɗaya. Ƙananan ƙwari da ba sa ƙirguwa, ƙirga na fili biyar a sau 100 ka ɗauki matsakaici, ka riƙe wannan tsarin har ƙarshen aikin.

A ganina, in an samu farin ɗigo ko Ichthyobodo a kifin da za a yi binciken jini ko na huhu da shi, zubar da zubin a sayo wani ya fi arha. Ko an warkar, tabon huhu da sauyin jini ba sa gogewa nan da nan. In Trichodina ce kaɗan, gyaran ruwa da rage cunkoso da wankan gishiri kan wadatar. Ko wanne ne, da mai duba aikinka da likitan dabbobi za a yanke, a rubuta maganin da adadinsa a cikin rahoto, a bar aƙalla mako biyu bayan magani, a sake kankara, sannan a fara gwaji.

Masu sha'awar kawo ɗan kifin nan mai zane, Danio rerio, wanda manyan ɗakunan bincike na Turai da Amurka ke amfani da shi, su sani kankarar fata ba ta isar masa. Babbar cutarsa, Pseudoloma neurophilia, a laka da ƙwaƙwalwa take zama, tana ramar da shi, ta lanƙwasa bayansa, ta kuma sauya halinsa, abin da ke rikita binciken ɗabi'a. Galibi da yankan nama ake kama ta, ko da gwajin DNA da ake kira PCR. Wata kuma, tsutsar hanji Pseudocapillaria tomentosa, ta fi sauƙi: ƙwanta mai kamar ganga da toshi a baki biyu yana fitowa a cikin hanji ko a kashin da aka zuƙo daga ƙasan tanki.

In an gama, gilasai da almakashi da koma a wanke a jiƙa a ruwan bilic, a ɗauraye sosai, a shanya a rana. Sai gawarwakin. Ranar da muka feɗe manyan tarwaɗa, dattijon da ke mana shara ya leƙa bokiti ya ce, "Malam, waɗannan ai sun yi miya." Na ce, "Baba, yi haƙuri, magani ne ya kashe su, ga kuma gubar da aka gwada a kansu." Kifin da ya sha MS-222 ko maganin gwaji ba ya zuwa tukunya, ba a jefa wa kyanwa, ba a zuba shi a kwata. Rami mai zurfi muka haƙa a bayan ɗakin, muka zuba, muka rufe da ƙasa muka ɗora dutse saboda karnuka.